"An gwada shi a jami'a": Me gwajin ganyen sabara da marke yake nufi?

Duk ɗalibin da ya taɓa ratsa kasuwar Gummi ko ta Anka ranar da take ci ya san motar nan mai lasifika a kai. Kwalabe jere a kan tabarma, ƙulle-ƙullen gari a leda, mai magani kuwa yana zayyano cututtuka ba ya ko haɗiyar yawu: taifot, basir, gyambon ciki, sanyi, shawara. A da, hujjarsa ita ce gado, wato a hannun kakansa ya koya. Yanzu ya samu sabuwar hujja wadda ta fi shiga kunnen 'yan boko: "An gwada shi a jami'a, an ga yana kashe ƙwayoyin cuta."

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, sau da yawa ba ƙarya zalla yake yi ba. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, an daɗe ana gwada ganyayen dajinmu. Ɗaliban ajin ƙarshe da yawa a sashen nazarin ƙananan halittu ko na harhaɗa magunguna da irin wannan aiki suke kammala digiri. Kuma sakamakon yakan nuna abu biyu: ruwan ganyen yana hana wasu ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, yana kuma ɗauke da sinadaran da ake kira antiyoksidan. Tambayar da ya kamata ɗan sakandare ya iya yi ita ce: a ina ya kashe ƙwayoyin? A faranti, ko a cikin mutum?

Ganye ba ya gudu

Mu fara daga abin da ke bayan gida. Daga Zugu zuwa Bukkuyum, daga Anka zuwa Gummi, babu yaron da bai san sabara ba, ɗan itacen nan mai ganye fari-fari da ke cika saura da gefen gona. Masana tsirrai suna kiranta Guiera senegalensis. Iyayenmu mata suna dafa ta domin ciwon ciki da gudawa, ana kuma ba mai jego. Ga marke, da ake shan ruwansa domin tari, ake kuma yin asuwaki da shi. Ga kalgo, ga geza, ga magarya, ga lalle, ga zogale a dangar gida, ga kuma dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi, baƙon da aka kawo daga ƙasar Indiya a zamanin Turawa har ya zama ɗan gari.

Me ya sa ganye zai kasance da magani tun farko? Ba don mu ya yi ba. Akuya in ta ga kura sai ta ruga. Itace kuwa yana nan inda Allah Ya dasa shi, tsutsa ta ci, fumfuna ta kama, rana ta gasa. Makaminsa kaɗai shi ne sinadaran da yake haɗawa a jikinsa: wasu masu ɗaci don su kori dabba, wasu masu bauri, wasu masu kare shi daga zafin rana. Masana sun kasa su gida-gida, akwai tanin, akwai filabonoyid, akwai alkaloyid, akwai saponin mai yin kumfa kamar sabulu.

Tanin shi ne wanda kuka fi sani ba tare da kun san sunansa ba. Shi ne baurin da ke kama baki in an tauna ɗanyar kanya ko goro. Aikinsa shi ne manne wa furotin, wato sinadarin da ake gina nama da fata da shi. Je ka majema ka ga abin da idonka. Ɗanyar fata in aka ajiye ta kwana biyu sai ta yi wari, domin bakteriya sun fara cin ta. Majemi ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa, sai ta zama kirgi, ta shekara da shekaru ba ta ruɓe ba. Tanin ɗin bagaruwa ne ya ɗaure furotin ɗin fatar ta yadda ƙwayoyin ba su iya cin ta. A ƙasar Mali kuma, masu rinin zanen da ake kira bogolan suna fara tsoma zanen a ruwan ganyen marke, ya yi rawaya, sannan su zana masa taɓo mai sinadarin ƙarfe. Inda taɓon ya haɗu da tanin sai wurin ya yi baƙi. Kakanninmu sun san aikin wannan sinadari tun kafin a raɗa masa suna.

Yadda ake gwajin

Ga abin da ke faruwa a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibi zai tsinko ganyen, ya kai wa masanin tsirrai ya tabbatar masa da sunansa, domin wani lokaci suna ɗaya na Hausa yana hawa kan itatuwa biyu. Sai ya shanya shi a inuwa, ya daka, ya jiƙa garin kwana biyu ko uku. Wani a ruwa yake jiƙawa, amma galibi a sinadarin etanol ko metanol ake yi, saboda sun fi ruwa iya zuƙo abin da ke cikin ganye. Sai a tace, a busar da ruwan, ya bar wani ɗan danƙo mai duhu a gindin kwalba. Tulin ganye ɗan kaɗan yake bayarwa.

Daga nan sai a ɗauko ƙaramin faranti mai murfi, a zuba masa wani abinci mai kama da daskararren kunu, wanda ake kira aga, daga ciyawar teku ake samo shi. A shafa ƙwayoyin cuta a kansa. Waɗanda aka fi gwadawa su ne Staphylococcus aureus mai kawo maruru da ƙuraje masu mugunya, da Escherichia coli wadda wasu ire-irenta ke kawo gudawa da ciwon mafitsara, da Salmonella Typhi mai kawo taifot. A huda 'yan ramuka a cikin agar, a ɗiga ruwan ganyen a ciki, a sa farantin cikin akwatin ɗumi a kan digiri 37, wato zafin jikin mutum, na tsawon awa 18 zuwa 24.

Washegari farantin zai yi hazo-hazo, ƙwayoyin sun hayayyafa ko'ina. Amma idan ganyen yana da ƙarfi, za a ga wani da'ira garau kewaye da ramin, inda suka kasa tsirowa. Sai a sa rula a auna faɗinsa da milimita. Wannan da'irar ita ce duk abin da ake nufi da "yana kashe ƙwayoyin cuta". Sabara da marke da lalle da ganyen gwaiba suna daga cikin waɗanda aka sha ganin sun yi wannan da'ira. An kuma lura ruwan ganye ya fi cin ƙwayoyi irin na maruru a kan irin na taifot da gudawa, domin waɗannan na biyun suna da ƙarin riga a waje mai hana sinadarai da yawa shiga.

Yanzu ku fito da biro mu yi lissafi. A gefen ramukan nan ana ajiye maganin asibiti domin kwatance. Ɗan faifan takarda na sifirofulozasin da ake amfani da shi yana ɗauke da maikirogiram 5 kacal na maganin. A ce ɗalibi ya haɗa ruwan ganyensa miligiram 100 a kowace mililita, ya ɗiga kashi ɗaya cikin goma na mililita a rami. Ya zuba miligiram 10 ke nan, wato maikirogiram 10,000. Raba da 5, ka samu 2,000. Ganyen ya shiga fage da nauyin da ya ninka na abokin karawarsa sau dubu biyu, kuma duk da haka sau da yawa da'irar maganin asibitin ce ta fi faɗi. Mai lasifika ba ya faɗin wannan ɓangaren.

Tsatsar jiki

Ɓangare na biyu shi ne antiyoksidan, kalmar da yanzu ake liƙa wa kowace kwalbar shayi. A sauƙaƙe, sinadaran hana tsatsa ne. Ka bar fartanya a waje da damina, iskar oksijin da laima za su sa ta tsatsa. Ka yanka gauta ko ayaba ka ajiye, fuskar za ta yi duhu. Ka ɗiga mata lemon tsami, sai duhun ya yi jinkiri, saboda bitamin C da tsamin da ke cikinsa. A jikinmu ma, yayin da ƙwayoyin halitta ke ƙona abinci da oksijin, akan samu wasu ɓaraguzan sinadari marasa natsuwa, masu fizgar ilaktaron daga duk abin da suka taɓa, har su yi wa ƙwayar halitta lahani. Antiyoksidan shi ne wanda ke miƙa musu ilaktaron ɗin don su lafa.

Gwajinsa yana da kyan gani. Akwai wani sinadari da ake kira DPPH, wanda in an narkar da shi yake yin launin shunayya. A zuba masa ruwan ganye, in akwai antiyoksidan sai launin ya koɗe ya koma rawaya-rawaya, na'ura kuma ta auna yawan koɗewar. Kusan duk ganyen da ke da tanin da filabonoyid yana cin wannan jarrabawa. Zogale yana ci, sabara tana ci, kuka tana ci, zoɓo ma yana ci. To, jarrabawar da kowa ke ci ba ta nuna gwani.

Kuma ba kullum ne ƙarin antiyoksidan ke zama alheri ba. A ƙasar Finlan an taɓa yin wani babban gwaji a kan maza masu shan taba sama da 29,000, aka riƙa ba wasunsu ƙwayar bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, da fatan zai kare su daga sankarar huhu. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da cutar da kusan kashi 18 cikin 100. Masanan da kansu ba su zaci haka ba. Kada wani ya ce an hana shi cin kwaɗon zogale ko miyar kuka. Ganye a matsayin abinci alheri ne babba, musamman a yankin da tamowa ke addabar yara. Abin da gwajin ya koyar shi ne, abin da ya yi aiki a kwalba sai an bi shi har cikin jikin mutum kafin a yi masa shaida.

Daga faranti zuwa ciki

A faranti, ruwan ganye da ƙwayar cuta suna fuska da fuska, babu shamaki. A jiki kuwa akwai tsamin ciki da zai fara dagargaza shi, akwai bangon hanji da zai hana wani ɓangare wucewa, akwai hanta da za ta sauya abin da ya wuce, akwai ƙoda da za ta fitar da shi a fitsari. Tanin ɗin da ya yi bajinta a faranti ba ya shiga jini sosai. Ƙwayar taifot kuwa ba ta tsaya a hanji kaɗai ba, tana shiga jini, tana ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar jiki. Shi ya sa mai taifot da ya dogara ga jiƙo zai iya jin sauƙi na kwana biyu, cutar kuwa tana nan tana cin hanjinsa, har ta kai ga huda shi.

Sannan akwai batun awo. Sabarar da aka tsinka da rani da wadda aka tsinka da damina ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. "Kofi ɗaya safe da yamma" ba ya gaya maka yawan sinadarin da ka sha. Kuma abin da ke kashe ƙwayar cuta yana iya taɓa hanta ko ƙoda. Ruwan bilicin ma yana yin da'ira mai faɗi a faranti, amma babu mai hankalin da zai sha. Likitoci a Indiya da Maleshiya sun ba da rahoton jariran da suka kamu da amai da jijjiga bayan an ɗura musu man 'ya'yan dogon yaro.

Wurin da abin ya fi tsanani shi ne gudawar yara. Abin da ke kashe yaro mai gudawa ko mai amai da gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma cikin sa'o'i yake faruwa. Idan ƙanenka ya fara, kuma Inna ta ɗora tukunyar sabara, ba sai ka tsaya gardama da ita ba. Haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka sayo na leda a kemis. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a nufi asibiti, inda za a ƙara masa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Wannan aikin ɗan makaranta ne a gidansu.

Abin da dalma ta koya mana

Mutanen wannan yanki sun san wani ciwo da babu ganyen da ya iya masa. A 2010 yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyuka irin su 'Yargalma a Bukkuyum da Dareta a Anka. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta tura jini aka gwada, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gari, har a tsakar gida. Yara kimanin 400 suka rasu. Abin da ya ceci sauran shi ne kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aikin da bai isa Bagega ba sai 2013, da kuma wani magani mai suna DMSA da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari.

Na kawo wannan ne saboda dalma tana daga cikin abubuwan da ke haddasa tsatsar jikin da muka yi bayani, kuma akwai gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye da ke nuna ruwan wasu ganyaye yana rage wannan lahani. Daga nan zuwa wani ya ɗauki lasifika ya ce zogale yana maganin gubar dalma taki ɗaya ne. Ba ya yi. Rage ɓarna a hantar ɓera daban, fitar da dalma daga jinin yaro daban. Hasali ma ganyen da aka tsinka ko aka shanya kusa da inda ake niƙa dutse zai iya ɗaukar ƙurar dalmar, a sha guba da sunan magani.

To, a watsar da ganye ke nan?

Ko kusa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ku a asibiti yau daga ganye ya samo asali. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta bi tsofaffin littattafan magungunan ƙasarsu ita da abokan aikinta, suka tattara haɗe-haɗe sama da 2,000. Wani ganye dangin tazargade ya riƙa ba su sakamako yau da kyau gobe babu. Sai ta lura wani littafi na ƙarni na 4 ya ce a jiƙa shi ne a matse, bai ce a dafa ba. Ta gane zafi ne ke lalata sinadarin, ta sauya hanyar tatsa, a 1972 suka ware atemisinin. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Ku lura da wannan: tsohon ilimi ne ya nuna hanya, gwaji ne ya kai ta gida.

A nan Najeriya ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya ta sarrafa shi ya zama Niprisan, domin rage tashin ciwon sikila. Cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen wata irin dawa. Harkar sarrafa shi ta sha tangal-tangal daga baya, amma an gwada shi a kan mutane, ba a faranti kaɗai ba.

Buƙatar kuwa tana ƙaruwa. Wani babban nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Kafso ɗin nan ja-da-rawaya da muke saye biyu-biyu a tire muna sha mu bari yana daga cikin abin da ke koya wa ƙwayoyin taurin kai. Duniya tana neman sababbin magunguna, kuma dajinmu bai gama faɗin abin da ke cikinsa ba.

Aikin da za ku iya farawa

Kada kowa ya yi gigin renon ƙwayoyin cuta a gida ko a aji, wannan sai ɗakin gwaji mai kayan kariya. Amma ƙungiyar JETS ta makarantarku za ta iya gwajin hana tsatsa da kayan da ba su kai kuɗin kati ba. A dama ɗan sitaci ko kamu a ruwa, a tafasa, a bari ya huce, a tsinka shi sosai. A ɗiga masa aidin na kemis, zai koma shuɗi mai duhu. A raba daidai a kofunan gilashi huɗu. A na farko a riƙa ɗiga lemon tsami ana ƙirga ɗigo har launin ya ɓace. A na biyu ruwan ɗanyen zogale da aka daka aka tace, a na uku ruwan zogalen da ya daɗe a wuta, a na huɗu ruwa zalla, domin gwajin da ba shi da abin kwatance hira ce kawai. A tabbatar nauyin ganye da yawan ruwa ɗaya ne, a maimaita sau uku, a rubuta abin da aka gani ko da ya saɓa wa abin da aka zata. Aidin guba ne in an sha, saboda haka sai da malami a wurin.

Aiki na biyu ya fi wannan gaggawa. A 1916 wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, kuma har yau masana suna komawa gare shi. Sunansa ne ma aka liƙa wa itacen hano, Boswellia dalzielii. Mutanen da suka gaya masa waɗannan sunaye kakannin wasu ne, kuma irinsu suna nan a gidajenku, sai dai suna ƙarewa. Marke yana tafiya a buhunan gawayi, rashin tsaro kuma ya sa daji ya yi wa masu ɗebo magani nisa.

Samu littafi mai bango mai ƙwari. Bayan sallar la'asar ka je ka durƙusa ka gai da Kaka, ko unguwarzoma ta unguwarku, ko wanzamin gidanku, ka nemi izini kafin ka rubuta. Tambayi sunan ganyen da duk wani suna da ake kiransa, da ciwon da ake sha dominsa, da yadda ake haɗawa: dafawa ake yi, jiƙawa, ko turare? Da wane lokaci ake tsinka? Wa aka hana wa sha, mai ciki ko jariri? Wannan tambaya ta ƙarshe tsofaffi sun fi mai lasifika sanin amsarta. Tsinko reshe ɗaya mai ganye, da fure ko 'ya'ya in akwai, daga bakin gari ko gonar kusa, ban da shiga daji. Shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ka danne da littattafai masu nauyi, kana sauya takardar duk bayan kwana biyu har ya bushe. Sannan ka manna shi a shafi, ka rubuta kwanan wata da sunan ƙauyen a ƙasansa.